Allura da Zare: Wurin Hutun Zuciya

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin mambobinmu ta gabatar a taron zagayowar shekarar ƙungiya)

Hajiya shugaba, iyayena, yayyena da ƙannena, da baƙinmu da suka taho daga Bakura da Maradun, sannunku da hanya. Allah Ya maida kowa gida lafiya.

Da aka ce in yi magana yau, na zaci lissafin adashi za a sa ni karantawa kamar bara. Sai Hajiya ta ce a'a, in gaya wa mata abin da nake yi da ƙyallen nan da ba na rabuwa da shi. To ga shi na zo da shi, a miƙa shi ya zagaya. Kada ku dubi bayansa, can kunyata take.

Duk wadda ke zaune a nan ta san yadda shekarar 2021 ta kasance mana. A Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. A Agusta aka shiga kwalejin noma ta Bakura. Farkon Satumba aka ɗauki ɗaliban Kaya a Maradun. A watan nan dai aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Mai ɗa a Gusau ba ta jin muryarsa, mai miji a gonar Bakolori sai ta ga shigowarsa hankalinta ke kwanciya. Ni a lokacin barci ya ƙaurace mini. Ko akuya ta ture kwano sai gabana ya faɗi.

Wata rana gwaggona ta same ni zugum a tsakar gida. Ta ce, "Ke ɗiyata, mi kike jira? Zaman ga ba shi kawo labari." Ta kwance bakin zanenta ta ciro allura, ta ba ni guntun farin yadi da zare shuɗi. Ta zana mini ganye ɗaya da gawayi, ta ce in bi layin. Na bi, ya karkace. Na warware, na sake. Ban ankara ba sai na ji kiran sallar magariba. Tun da aka fara tashin hankalin nan, ranar ce ta farko da na yi awa guda ban tuna da tsoro ba.

Ga yadda na fahimci abin. Zuciya ba ta zama haka nan. In ba ki ba ta aiki ba, ita za ta nemo wa kanta, kuma mafi yawa tunanin abin da ba ki da iko a kansa take jawowa. Surfani kuwa yana son ido da hannu da ƙirga a lokaci ɗaya. Kina duba inda allura za ta shiga, kina duba inda za ta fito, ba sauran wurin saƙe-saƙe. Kuma ba mu muka fara gane haka ba. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, tsakanin 1914 da 1918, sojojin da suka dawo da rauni da firgici an riƙa koya musu surfani a asibitoci. Ƙarti majiya ƙarfi fa, da allura a hannu.

Kuma abin namu ne tun kaka da kakanni. Ku dubi babbar rigar maigida ta sallah, mai aska biyu ko aska takwas, ku dubi dagin Arewa a jikin hula. A da aikin maza ne: wani ya zana, wani ya ɗinka, manyan riguna har da zaren tsamiya ake yi musu. Da maza suka karkata ga keke, matan birnin Zariya suka karɓi aikin hannu daga cikin gidajensu, har a shekarun 1990 wasunsu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina, ana sayen aikinsu har Amurka. Mu ma a nan iyayenmu sun yi wa zanen gado da rigar matashin kai ado lokacin haɗa kayan ɗakin amarya. Mun dai saki ne da na kanti ya yawaita.

Yanzu ga mai son farawa. Ranar Talata in kin shiga kasuwar Mafara, abu huɗu kawai za ki nema: rabin yadi na farar auduga marar santsi, allura mai faɗin kafa, zare kala biyu, da ƙaramin almakashi. Fensirin yaranki ya isa zane. Akwai zagayen roba ko na katako da ake ɗame yadi da shi. In kin samu madalla, in ba ki samu ba masu ɗinkin hula ba su taɓa jiransa ba.

Kafin ki soka allura, ki wanke yadin ki goge shi, domin auduga tana shiga in ta sha ruwa. Zaren ma ki jiƙa guntunsa ki danna a kan farin ƙyalle. In ya zuba, ki ajiye shi, musamman ja. Ni na yi wannan kuskuren: wata guda ina aikin rigar matashi, wanki ɗaya ya mayar da farin yadin kamar an zuba masa zoɓo.

Kada ki yanki zare ya wuce kamu ɗaya, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Dogon zare shi ke ƙullewa, shi ke sa mutum tsaki. In kin sayi irin mai sili shida, ki raba, ki yi aiki da biyu ko uku.

Ɗinki uku sun ishe ki wata uku. Na farko, na bin layi: ki fito da allura gaba kaɗan, ki koma baya ki soka inda ɗinkin da ya wuce ya tsaya. Na biyu, mai kama da sarƙa: ki soka inda kika fito, ki bar ɗan zobe na zare, ki fito ta cikinsa ki ja a hankali. Na uku, ciko: ki jera zare kusa da kusa har cikin ganyen ya rufe. Kada ki ja da ƙarfi, yadin zai tattare. Ki fara da ganye, ko tauraro, ko harafin farko na sunan jikarki. Aska takwas tana nan tana jiranki. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sai kula da jiki. Ki zauna inda haske yake, da hantsi ko bayan la'asar. Kada ki yi da fitilar waya cikin dare. Kowane rabin awa ki ɗaga kai, ki dubi nesa, ki miƙe wuya. Mu da muka haura arba'in, in kin ga sai kin nisanta ƙyallen kafin ki ga kafar allura, ki je a auna idonki a ba ki tabarau, ba abin kunya ba ne. In kin gama, ki soke allurar a jikin ƙyalle ki ɗaga sama. Gidajenmu cike suke da masu rarrafe.

Abu biyu nake roƙo, kuma su ne nauyin maganata.

Na ɗaya: na san halinmu, mu 'yan ƙungiya. Tun ina magana wata ta fara lissafin nawa za ta sayar. Yaya, ki dakata. Ƙuli-ƙulinki na kuɗi ne, man gyaɗarki ta kuɗi ce, kiwon awakinki na kuɗi ne. Ki bar wa kanki abu ɗaya wanda ba mai aiko yaro ya ce yaushe za a gama. Ranar da kika karɓi kuɗin wani kafin hannunki ya faɗa, ranar hutun ya koma bashi. In daga baya aikinki ya yi kyau aka nema, ki sayar, Allah Ya sa albarka. Amma watannin farko naki ne.

Na biyu: allura ba ta maye gurbin asibiti. Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta, ta riƙa zuwa awo. Wadda ta yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko kuka ke zo mata ba dalili, ta faɗa wa wata a cikinmu mu raka ta wurin likita. Kada mu ce ta riƙe zare kawai ta yi shiru.

Ga shawarata ga shugabanni. Duk ranar da muka gama zubin adashi, mu ƙara awa ɗaya. Waɗanda suka iya, kuma na ƙirga aƙalla biyar a ɗakin nan, kowace ta zaunar da mutum uku. A sayo zare da yawa daga Gusau a raba, ya fi sauƙi. A zo da 'yan matanmu, a kuma gayyato 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu suke zaune a cikinmu. Akwai maganar da mace ba ta iya faɗa ana kallon idonta, amma in kowa ya sunkuya a kan ƙyallensa sai ta fito da kanta.

Ƙyallen da ke zagayawa shi ne na gwaggona, da ganyen nan karkatacce. Ita ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Na zo da allura ashirin a jakata. Mai so ta same ni bayan an ci abinci.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya maimaita mana.