Agadas: Birnin da Ke Bakin Ƙofar Sahara

Sharhinmu na yau zai leƙa Agadas, babban birnin arewacin Nijar, da ke gindin duwatsun Azbin, a bakin hamadar Tenere.

A watannin Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40, sannan lokacin hunturu sanyin dare ya ratsa ƙashi. Damina gajeriya ce, yawancin ruwan yana sauka ne a Yuli da Agusta. Duk da ƙarancinsa, idan ya zo da ƙarfi, koramar Telwa kan cika ta yi ambaliya, gidajen ƙasa su rushe.

Arzikin garin ya faro ne daga fatauci. Har yau ayarin raƙuma na kai gero Bilma da Fashi, su dawo da gishiri da dabino, wasu kayan har kasuwannin ƙasar Hausa. Lambunan Azbin na ba da albasa da lemo. Akwai yuraniyom a Arlit, kwal a Cirozerin, ga zinaren Jado da ya jawo dubban matasa tun 2014.

A 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya, amma rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido.

Kiranmu ga mahukunta shi ne su gyara hanyar Tawa zuwa Arlit, su samar da ruwan sha, su kuma mayar wa yankin kasonsa na arzikin ma'adinai.