Farce, Gwiwa da Ƙoda

Akwai wata cutar gado wadda Hausa ba ta raɗa wa suna ba tukuna, domin da wuya ake ganinta. Alamunta a fili suke, watau farce a tauye, ƙoƙon gwiwa ƙarami ko babu shi sam. Sai a 1998 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta. Haɗarin kuwa yana ƙoda, inda matatar jini kan yi yoyo, fitsari ya riƙa kumfa, wani lokaci har da jini.

To, masuncin Argungu ko manomin fadamar Birnin Kebbi in ya ga jini a fitsarinsa, tsargiya zai ce, galibi kuwa da gaskiyarsa. Amma in farcen uba da na ɗa duk a tauye suke, wajibi ne a kai fitsarin asibiti a auna shi kowace shekara.