Kada tsofaffin waƙoƙi su ba mu tsoro

 

Da yawa daga cikinmu da muka yi lakkwal mun hardace baitocin Victor Hugo da na La Fontaine, amma in aka miƙo mana waƙar Nana Asma'u sai mu ja da baya, mu ce wannan sai malamai. Tsoron nan a aji muka koyo shi, inda aka saba mana da cewa waƙa aba ce da ake feɗewa don cin jarrabawa.

To, mu tambaya: don wa aka yi waƙoƙin nan? Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara su ne don jajis, wato mata jagorori da ke hardace su, su koma ƙauyuka su rera wa ƴan taru. Mafi yawan masu saurarensu ba su san baƙi ko ɗaya ba, kuma sun fahimta. Abin da tsohuwa ta gane a bakin murhu ba zai gagari mai digiri ba. Kuma gādonmu ne: mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Gobir, a Nijar ta yau.

Saboda haka mai farawa ya fara da kunne. Ya nemi wanda ya iya rerawa, ko ya saurari almajirai makafi masu rera Imfiraji ta Aliyu Namangi. Karin waƙar, wanda aka gina bisa gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar a arulin Larabawa, kunne ke kama shi tun kafin a san sunansa.

Sannan ya san fasalin gidan. Galibi waƙa tana buɗewa da yabon Allah da salati ga Annabi, ta shiga jigonta, ta rufe da addu'a, wani lokaci da ramzi, wato shekarar da aka yi ta a ɓoye cikin haruffa. Wanda ya san haka ba ya ɓata a zaure.

Kalmomin larabci kuwa, a wuce su a karatun farko, a komo musu daga baya wajen malamin unguwa. Baiti biyar a rana sun isa. Mu ma muna da sa'a: hausar waƙoƙin Sakkwato ta fi kusa da bakin mutanen Ƙonni da Tawa da Maraɗi bisa ga hausar littattafan Kano.

Ƴan uwa, a Yamai akwai dubban rubuce-rubucen larabci da ajami a cibiyar IRSH, tarin da Bubu Hama ya assasa. Takarda ba ta rera kanta. In ƴan boko suka ci gaba da jin tsoro, waƙoƙin za su zauna cikin akwati, ƴaƴanmu kuma su tashi suna zaton adabi daga Faransa ya faro.

 Allah shi ba mu alheri.