Amsar Wasiƙunku: Kofin Ƙasar Sin Da Fatar Jar Akuya

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga Kwargaba, daga wani mai sayen fatu a kasuwannin Wurno da Goronyo. Yana tambaya, wai gaskiya ne an sayi kofi ɗaya na ƙasar Sin kan miliyoyin daloli? Kuma me Turawa ke gani a jikin tangaran?

To Malam, gaskiya ne. A 2014 aka yi gwanjonsa a Hong Kong kan dala miliyan 36. Ɗan kofi ne da bai cika tafin hannu ba, da zanen zakara da kaza da 'yan tsaki. An yi shi a zamanin Sarki Chenghua, wanda ya rasu a 1487. Amma fa wanda ya saya Basine ne, ba Bature ba.

Su Turawa sun daɗe ba su san irin wannan ba. Shekaru aru-aru jiragen ruwa suna kai musu tangaran da Sinawa suka yi don kasuwar Turai kawai, suna jerawa kamar ɗakin amarya, suna zaton iyakar gwanintar Sin ke nan. Alhali su Sinawa rubutun hannu suka fi ɗaukakawa, kamar yadda muke girmama alaramma mai rubuta Alƙur'ani da zayyana. Bature bai iya karatun ba, ina zai gane? A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe wata fadar sarki kusa da Beijing, kayan fada suka shiga Turai. Sannu a hankali masanansu suka koyi tarihin sarakunan da ake rubuta sunayensu a gindin kwano. Nan fa farashi ya tashi.

Kai ma abin ya shafe ka. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme, ayari ke ratsa hamada da ita zuwa Arewacin Afirka. Turawa suka saya a can, suka yi wa littattafansu bango da ita, suna kiranta fatar Maroko. Baturen Jamus Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta yadda jemammiyar fata ke fita daga Kano zuwa Tarabulus. Duk da haka sunan bai dawo gida ba.

Yau ma fatar da ka saya takan bi ta Kano ta ƙare a Italiya, a yi jaka da takalmi. Ranar kasuwa in dillali ya yi maka tayin wulaƙanci, ka tambaye shi inda fatar za ta kwana.