Karne da Kwamfuta: Wa Tarihin Majinyaci Zai Yi wa Aiki a Njamena?



Batun da aka ɗora mini shi ne manhajar adana bayanan marasa lafiya a ƙananan asibitocin unguwa, inda mutum ke fara kai kukansa kafin a tura shi gaba. Zan fara da ɗan littafin nan da kowa ya sani a Njamena, wato karne. Uwa takan naɗe shi a leda tare da katin rigakafin yaro ta cusa ƙasan akwati. Gefensa ya yi laushi, wani shafin mai ya taɓa shi, rubutun da ke ciki na hannu huɗu ne ko biyar, ga awon zafin jiki, ga sakamakon gwajin zazzaɓin cizon sauro, ga sunan magani da hatimi a ƙasa. Masu tallar manhaja sukan ɗaga shi sama a matsayin abin kunyar da suka zo rabamu da shi. Ni kuwa ina ganin shi ne mudun da za a auna kayansu, domin yana da halin da manhajoji masu tsada suka kasa koya: yana bin mai shi. Daga cibiyar lafiya ta unguwa zuwa Asibitin Uwa da Yaro, daga can zuwa Bon Samaritain a Walia, ko a ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusiri, karne ba ya neman wuta, ba ya neman izinin kowa. Hujjata a yau ita ce, duk manhajar da za ta shiga ɗakin duba marasa lafiya dole ta zama ta majinyaci da mai duba shi tukuna, mai biyan kuɗi da mai karɓar rahoto su biyo baya. In aka juya wannan jeri, kwamfuta za ta ƙara wa nas aiki ne kawai, ta bar majinyaci inda ta same shi.

Amurka ta riga ta gwada juya jerin. A 2009 gwamnatinta ta kafa dokar da ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su bar takarda, suka kuwa bari. Amma da yake kamfanonin inshora ne ke biya, sai manhajar ta tashi fuskarta na kallon mai biya: kowane ciwo da lambarsa, kowane aiki da farashinsa, kowane shafi da akwatunan da sai an cika kafin kuɗi ya fito. Wani bincike da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2016 ya bi likitoci a wurin aikinsu, ya tarar cewa duk awa ɗaya da suka yi da majinyaci, sukan yi kusan awa biyu a gaban kwamfuta da aikin tebur. Wannan gajiyar na cikin abin da ya sa wasu likitocin iyali suka fice daga tsarin inshora, suka buɗe asibitocin da mutum ke biyan ƙayyadadden kuɗi duk wata kai tsaye, ya ga likitansa duk sa'ad da ya buƙata. Da mai biya na uku ya fita daga ɗakin, sai buƙatunsu ga manhaja suka ragu zuwa abin da ya kamata tun farko: tarihin mutum a shafi guda, magungunan da yake sha, ranar dawowarsa, da hanyar aika masa saƙo.

Abin lura shi ne, biyan kai tsayen da suka zaɓa can, mu nan shi ne halin da muke ciki, sai dai larura ce ta kawo mana shi. Tun bayan shirin Bamako na 1987 majinyaci a ƙasashenmu ke biyan kuɗin ganin likita da na magani daga aljihunsa, kuma har yau galibin masu zuwa asibitocin kuɗi na birnin nan babu kamfanin da ke tsaye a bayansu. Ba yabon wannan hali nake yi ba, domin yakan hana talaka zuwa sai ciwo ya ci jiki. Amma yana nufin cewa har yanzu babu wanda ya ƙwace alƙalamin tsara manhajar daga hannun masu jinya. Chadi ta kafa dokar inshorar lafiya ga kowa a 2019, kuma ranar da asusun inshorar zai yi ƙarfi zai zo da fom-fom ɗinsa da lambobinsa, kamar yadda kowane mai biya ke zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wani mai jan alƙalamin wanda ya riga ya iso, shi ne mai karɓar rahoto. Kowane shiri da ke da mai ba da tallafi yana da rajistarsa: ta rigakafi, ta tarin fuka, ta cuta mai karya garkuwar jiki, ta awon ciki. Ƙarshen wata nas kan zauna da rula da biro yana ƙirga layi-layi don ya cika rahoton gunduma. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa kuma ƙasashe da dama na Afirka ke aiki da ita, ta sauƙaƙa tattara waɗannan alƙaluma, kuma ma'aikatar lafiya ba za ta iya sayen magani ko hango annoba ba sai da su. Sai dai a yadda aka fi amfani da ita, tana sanin mutum nawa suka zo da zazzaɓi a watan Satumba, ba ta san wane ne ya zo sau uku ba. Ita ma OpenMRS, wadda aka fara a 2004 daga aikin kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya, ta zama kyauta ga duniya, amma a wurare da yawa ta tsaya a ɗakin shirin da ya kawo ta. Sai ka ga mace tana da cikakken fayil a kwamfuta kan ciwo guda, hawan jininta kuwa yana warwatse a karne uku. Rahoto ya kamata ya fito da kansa daga abin da aka rubuta lokacin duba mutum. Duk manhajar da ta sa nas ya rubuta abu ɗaya sau biyu, a rajista da a allo, ba ta daɗewa ake jingine ta, kuma ba laifinsa ba ne.

To, in karne na da wannan daraja, me ya sa za a taɓa shi? Wannan ce suka ta farko, kuma tana da nauyi. Amsar tana cikin irin ciwon. Zazzaɓin kwana uku karne ya ishe shi. Hawan jini, ciwon suga, sikila da goyon ciki kuwa ba a gane su da awo ɗaya, sai an jera awon watanni a ga inda layin ya nufa. Karne yakan ɓace, yakan cika a sayi sabo, kuma ambaliyar 2022 da ta mamaye Walia da unguwannin da ke kusa da ita ba ta tambayi abin da ke ƙasan akwati ba. Amma babban gurguncinsa shi ne ba ya magana sai mai shi ya zo. Mai cikin da jininta ya hau a wata na bakwai ba ta dawo ba, littafinta na gida tare da ita, babu abin da zai tuna wa ungozoma da ita. Kwamfuta na iya fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba kowace safiya, a buga musu waya. Wannan aiki guda, a ganina, ya fi duk sauran abin da ake lissafawa a takardun talla. Saboda haka karne ya zauna, a riƙa buga taƙaitaccen bayani ana liƙawa a ciki, kwamfuta ta ɗauki abin da ya gagare shi.

Suka ta biyu ita ce wuta da intanet. Kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da wutar lantarki a ƙasar nan, a birnin ma kowa ya san yadda take a watan Afrilu, ga zafi da ƙura da ke cin na'ura. Wannan ya kashe duk manhajar da ba ta motsi sai da layi, amma bai kashe batun ba. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiya sun raba ƙananan kwamfutocin hannu a cibiyoyin karkara don duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Na'urar na aiki babu layi, ana caja da hasken rana, tana jan nas mataki-mataki, ta aika bayani in sabis ya samu. Abin da ya yiwu a ƙauyen Burkina ba zai gagari unguwar Mursal ba.

Suka ta uku ba a cika kawo ta ba, alhali ta fi wuta wuya: wane ne wane? Mutum guda shi ne Mahamat a wannan rajista, Muhammad a waccan, Mamman a bakin 'yan uwansa. Hauwa takan zama Haoua ko Hawa, ya danganta da makarantar da mai rubutun ya yi, ta Faransanci ko ta Larabci. Dattawa da yawa takardunsu cewa suke an haife su wajen shekara kaza, yara masu yawa kuma ba su da takardar haihuwa sam. Manhajar da aka gina bisa zaton kowa na da sunan iyali da ranar haihuwa za ta raba mutum ɗaya gida uku, ko ta haɗa mutum biyu a fayil ɗaya, wanda ya fi haɗari in ɗayansu jikinsa ba ya karɓar wani magani. Lambar shaidar ɗan ƙasa da hukumar ANATS ke bayarwa za ta taimaka ga wanda ya samu, amma kada ta zama sharaɗin ganin likita, domin jariri da baƙo da ɗan gudun hijira su ma suna ciwo. Dabarar da ta fi kusa ita ce lamba a bangon karne, a haɗa da sunan uwa, unguwa da lambar waya.

Sai sirri. A unguwar da mai karɓar kuɗi a asibiti ɗan maƙwabcinka ne, fayil ɗin da kowa ke buɗewa da kalmar sirri guda ya fi takarda tonon asiri, tunda takarda sai an tashi an nemo ta. Chadi na da dokar kare bayanan mutane tun 2015, amma doka ba ta shiga ɗaki ta rufe allo. Dole kowane ma'aikaci ya sami ƙofarsa, manhaja ta rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin, mai karɓar kuɗi ya ga kuɗi kawai. Haka kuma mai asibiti ya tambayi mai sayarwa tun kafin sa hannu: ina bayanan ke kwana, kuma ranar da muka rabu, a wace siffa za ka miƙo mini su?

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta ita ce ta kuɗi. Mai ƙaramin asibiti zai ce kuɗin na'ura da batir da horo gara ya sayi magani, kuma in kantarsa babu maganin hawan jini, yana da gaskiya, domin kiran mutum ya dawo ga kanta wayam wahalar da shi ne. Manhajar kyauta ma ba ta zuwa da mai gyara. Hanyar da nake gani ita ce asibitocin unguwa goma ko ashirin su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre ɗaya daga cikin matasanmu da suka karanta kwamfuta, su yi aiki da manhaja guda, su amince da siffar bayanin da za a riƙa liƙawa a karne. A kuma rubuta albashinsa na shekara ta uku a kasafi tun ranar farko, domin lokacin ne batir ke mutuwa, mai tallafi ya tafi, nas ɗin da aka horar kuma an yi masa canjin wurin aiki.