Toka da Likkafani: Wa'azin Ƙarshe na John Donne



Kiristoci da yawa sukan buɗe azuminsu na kwana 40 da ranar da ake kira Larabar Toka, su rufe shi a jajibirin Ista, ba a lissafa ranakun Lahadi a ciki. A ranar farko limami yakan shafa wa mai ibada toka a goshi domin tuna masa asalinsa da makomarsa, watau ƙasa. Tambayar da wannan lokaci yake ɗora wa mai bi ita ce: ta yaya mutumin da bai san gobensa ba zai dogara ga Allah? Wani malami na ƙasar Ingila ya amsa ta da jikinsa, ko da yake a zamaninsa majami'ar ƙasar ta riga ta daina shafa tokar.

John Donne mawaƙi ne kuma mai wa'azi, shi ne shugaban limaman babbar majami'ar Saint Paul ta birnin Landan tun daga 1621. Mutuwa ba baƙuwarsa ba ce. Matarsa ta rasu a 1617 bayan haihuwa. A 1623 zazzaɓi ya kwantar da shi har aka fid da rai, amma ya tashi. A 1625 annoba ta share dubban mutanen birnin, ta bar shi.

Ranar 25 ga Fabrairu 1631, Juma'ar farko ta azumin, ya hau mumbari a fadar Sarki Charles na Ɗaya, ya rame ƙwarai, muryarsa ta dushe. Waɗanda suka gan shi suka ce mutumin nan wa'azin jana'izarsa yake yi. Ya ɗauko aya daga Zabura ta 68, ya fitar da ma'ana uku daga cikinta. Allah yakan kuɓutar da bawansa daga mutuwa, kamar yadda ya yi masa sau biyu. Yakan kuɓutar da shi a cikin mutuwar kanta, domin lokacinta da irinta suna hannunsa. Sa'an nan, bisa ga bangaskiyar Kirista, yakan kuɓutar da shi ta hanyar mutuwar Almasihu.

Ma'ana ta biyu ita ce mai nauyi, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Kowa yana son Allahn da yake tayar da majiyyaci. Donne kuwa bai yi wa kansa alkawarin warkewa ba, bai kuma yi wa Sarki da fadawansa ba. Har ma ya gargaɗe su kada su yanke wa mamaci hukunci da irin mutuwar da ya yi, ko ta farat ɗaya ce ko ta doguwar jinya, gama ba a karanta yardar Allah a nan. Dogaron da yake nufi shi ne miƙa abin da ba a sani ba ga wanda ya sani, alhali tsoron bai gushe daga zuciya ba.

Da ya koma gida ya sa aka naɗe shi da likkafani yana raye, wani mai zane ya zana shi, ya ajiye hoton kusa da gadonsa. Ya rasu ranar 31 ga Maris 1631, kafin Ista ta zo. Daga wannan zane aka sassaƙa siffarsa da farin dutse. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye majami'ar, siffar ta tsira, tana nan tsaye a sabon ginin da tabon wuta a gindinta.