Tishu, Alewa da Jan Biro: Camfin Sa'a a Koriya ta Kudu

 

Ranar da na tare a ɗakin haya a birnin Seoul, abokan karatuna suka zo yi mini barka, kowa rungume da ƙunshin tishu da ledar garin sabulu. Na ce a raina, ikon Allah, ƙazami suka ɗauke ni ke nan? Sai da ɗayansu ya ga fuskata ta sauya ya yi mini bayani. Walimar tarewa sunanta jipdeuri. Yadda tishu ke warwaruwa ba gargada, haka ake fatan al'amuranka su warware. Yadda sabulu ke kumfa, haka arzikinka ya bunƙasa.

Abin da na lura da shi bayan na daɗe shi ne, yawancin camfin mutanen Koriya daga harshe ya tsiro. Lamba 4 suna kiranta sa, sautin da ya yi daidai da kalmar mutuwa a rubutun Sin da suka gada, shi ya sa a lif ɗin wasu benaye za ka ga harafin F a gurbinta. Wanda ya yi mafarkin alade kuwa, da safe tikitin caca yake nema, ana cewa don tsohon sunan alade, don, ya zo ɗaya da na kuɗi. Nan kam na ce a kai kasuwa.

Inda abin ya fi ƙayatar da ni shi ne Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake yi ranar wata Alhamis a watan Nuwamba. A ranar, ofisoshi sukan jinkirta buɗewa, 'yan sanda su kwashi ɗalibin da ya makara, har jiragen sama ake hana tashi da sauka lokacin gwajin sauraron Turanci. Ƙasar da ke ƙera Samsung ke nan, amma a jajibirin ranar iyaye alewa mai danƙo suke saya, yeot, domin kalmar butda tana nufin mannewa, tana kuma nufin cin jarrabawa. Miyar ganyen teku, miyeokguk, wadda ake sha ranar zagayowar haihuwa, a ranar ba mai kusantarta: santsi gare ta, kada yaro ya zame. Ku yi tunanin uwa ta hana ɗanta miyar kuɓewa ranar jarrabawar JAMB.

Na tambayi wata abokiyar karatu ko da gaske ta yarda alewa na cin jarrabawa. Dariya ta yi, ta ce ina, amma uwar da ba za ta iya shiga ɗakin jarrabawar da kai ba, me kake so ta ba ka?

Ni ma na yi tawa kwaɓar. Na rubuta sunayen 'yan rukuninmu da jan biro, ban san da ja ake rubuta sunan mamaci ba. Ba wanda ya yi mini faɗa. Wani dai ya zare takardar a hankali, ya miƙo mini baƙin biro.